Baba Direba Ya Koyi Mugunta

Mutumin nan da nake aure, tun haƙorana suna cike yake tuƙa babbar motar fasinja, har ya ajiye bai taɓa taka ko kazar wani ba. Abin alfaharinsa ke nan a duniya. In ka ba shi fuska sai ya gaya maka sau uku kafin shayinka ya huce. Duk layinmu Baba Direba ake ce masa.

Da ƙarfi ya fara ja baya, 'ya'yansa suka taru suka karɓe makullin, sai ya dawo gida ya zauna mini. Jama'a, namiji a gida da rana tsaka jarrabawa ce. A nan ya gano ban iya yanka albasa ba. A nan ya gano ina ɓarnar ashana. Wannan duk mai sauƙi ne, don ina da bakin ramawa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da ya daina. Ya koma ya zauna yana kallon bango, a kai masa abinci ya tsakura ya ture, riga ta fara yi masa yawa a wuya. Ka yi masa magana ya ce “uhm”. Ni da na saba da mutum mai cika gida da surutu, sai na ga kamar ana ɗauke mini shi da kaɗan-kaɗan.

To akwai wani mai aski a bakin layinmu, yaro mai fara'a, ya ajiye talabijin da na'urar gem a shagonsa don masu jiran layi. Tseren mota suke yi. Fuskar talabijin ta rabu biyu, motarka a sama, ta abokin karawarka a ƙasa, kowa ya riƙe wani ɗan abin dannawa mai kama da ƙahon rago. Ni dai ƙaho nake ce masa, ban san sunan da iyayensa suka raɗa masa ba.

Rannan maigidan ya tafi aski da hantsi. Bai dawo ba sai la'asar, kuma da gashinsa a kai.

“Ina askin?” na ce.

“Wane aski? Ke, zubo abinci. Yau na koya wa yara tuƙi.”

Ya cinye, ya nemi ƙari. Tun daga ranar kullum yana shagon. Ya dawo yana cika baki, ya ci wannan, ya ci wancan, ya ci Kunnen-Zomo. Shi Kunnen-Zomo wani dogon saurayi ne mai gyaran waya, kunnuwansa kamar za su tashi da shi sama, kuma kowa ya san duk layin babu wanda ya kai shi iya gem ɗin nan. Na ce ikon Allah, ashe tsoho da sauransa.

Sai wata rana ya manta tabarau ɗinsa a gida, na bi shi da shi. Tsufa ya ba ni lasisin shiga ko'ina, na shiga shagon na samu benci na zauna. Ban iya karanta abin da ake rubutawa a talabijin ba, amma ina da ido.

Motar maigidana tana tafe a hankali, a hannunta, kamar ta ɗauko ƙwai. Kafin kwana ya taka birki. In mota ta taho ta bayansa ya rage ya matsa gefe, har yana ɗaga hannu yana cewa “wuce, wuce, mai gaggawa”. Amma kuma a ƙarshe shi ya ci. Na ce to ta yaya? Na zuba wa Kunnen-Zomo ido a zagaye na gaba. Ana dab da gamawa sai na ga yaron ya karkatar da babban yatsansa da gangan, motarsa ta rungumi bango, ya zauna yana jira har tsoho ya lallaɓo ya wuce.

“Kash! Baba ka sake cinye ni!”

“Gaggawa, yaro. Gaggawa ce ke kashe ku.”

Wanda ya karɓa bayansa ma bangon nan ya je ya runguma. Bango ɗaya fa, ko kunya ba su ji su canza wani. Na miƙa tabarau na yi tafiyata. Ƙaryar da ke sa wa mijina nama a jiki, ni me ya haɗa ni da ita?

Ana nan sai ga mai aski a gidana da safe, bayan ya tabbatar maigidan ya fita. Ya durƙusa yana murza hula.

“Iya, ki rufa mana asiri.”

“Wa kuka yanka da aska?”

“Gasa za a yi a babban kantin nan mai hawa-hawa. Kowane shago zai tura gwaninsa. Muna cikin shawara sai Baba ya ce wace shawara kuma, ai an san gwani. Ya sa aka ba da sunansa.”

“To ba shi ne gwanin ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Iya, kin fa gani rannan. Na ga kin gani.”

“Na ga bango yana shan runguma.”

“Can ba su san shi ba, Iya. Yaran can ba su da ta ido. Talabijin ɗin kamar bangon ɗakin nan, jama'a cike, kowa da waya a hannu yana ɗauka. Kaca-kaca za su yi masa. Ki hana shi zuwa, ke kaɗai yake jin maganarki.”

“Ku kuka yi kiwon ƙaryar har ta yi ƙiba, ni za ku kawo wa in yanka?”

“Ko ki ce ba ki da lafiya ranar.”

“In kwanta ciwon ƙarya, a amsa mini da na gaske? Tashi ka ba ni wuri.”

Da ya tafi na zauna na auna abin. In na hana shi, zai koma kallon bango. In ya je a haka, a gaban baƙi zai gane cewa yaran layinsa sun mai da shi abin lallashi, wannan kuwa ba zai tashi daga ita ba. Hanya ɗaya ta rage, mutumin ya iya abin da gaske, ko da kaɗan ne. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ga 'yan makonni a gaba.

Na aika aka kira mini mai aski da Kunnen-Zomo. Na ce kullum da rana, lokacin da shago ba kowa, su kawo na'urar falona, a nan za a yi shirin gasa. Na ja Kunnen-Zomo gefe na ce, “Kai, yau ka yi da gaske. Ka ci shi.”

Ya ce to. Aka fara. Ya yi gaba kamar iska, na ce yauwa. Ana dab da ƙarshe sai ga shi a jikin bango.

Na bi shi har bakin famfo. “Me na ce maka?”

“Iya, wallahi hannuna ne ya ƙi. Mutumin da ya kai uwata asibiti a motarsa ranar da za a haife ni, shi zan bari a baya yana kallon ƙurata? Da wane ido zan gaishe shi gobe?”

“Da wanda kake yi masa ƙarya da shi.”

Na koma na yi dabara. Na ɗaura igiya a tsakiyar falo na rataya zanin gado, kujera ɗaya nan, ɗaya can, kowa yana ganin talabijin amma ba ya ganin ɗan'uwansa. Na ce wa maigidan haka ake yi a wurin gasa. Su kuma yaran na ce musu ba shi kaɗai zai riƙa zama a bayan zanin ba, ina da baƙi da za su riƙa karɓa, don haka kowa ya yi ta kansa. Aka fara. Kwanar farko, motar bayan zani ta rage gudu ta koma hannunta tsaf.

Sai na ji muryar Kunnen-Zomo daga wancan ɓangaren, ya gane tuƙin, “Sannu da ƙoƙari, Baba.”

Na kwance zanina na mayar kan gado.

Autarmu tana aiki a kantin magani, in ta tashi takan biyo ta gaishe mu kafin ta wuce gidanta. Yarinyar nan halina ta kwaso kaf, ba ta san ragowa ba, tun tana ƙarama in ana wasa da ita sai an yi kuka. Kuma ta iya gem, da yayyenta ta koya. Da ta shigo ranar yaran ba su tafi ba, ban gaya mata komai ba, na ce kawai, “Auta, zauna ki yi da babanki.”

Ta ajiye jaka ta karɓi ƙaho. “Baba, ka shirya?”

“Ke dai ki bi a hankali, kada ki ji ciwo.”

Kafin ya gama gyara zama ta ɓace masa. Ta zagayo ta same shi ta baya, ya matsa mata gefe yana ɗaga hannu, ta bi shi gefen ta banke shi ya faɗa cikin ciyawa. Tana dariya har da buga ƙafa.

“Sake,” ya ce.

Aka sake. Ta ƙara yi masa wadda ta fi ta farko.

“Baba, wai kai ne za ka gasa? Wa ka taɓa ci?”

Maigidan ya juya ya dubi Kunnen-Zomo, ya dubi mai aski. Ɗaya yana ƙirga yatsun ƙafarsa, ɗaya ya gano wani abin sha'awa a jikin silin. Mijina ba wawa ba ne. Ya ajiye ƙahon a kan tebur a hankali, ya miƙe, ya ce, “Na gode muku, yara.” Ya shige ɗaki.

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Auta ta dube ni, “Iya, me na yi?” Na ce aiki kika yi, ɗauki jakarki.

Na ba shi lokaci ya huce, sannan na shiga. Yana kwance ya ba ƙofa baya.

“Kin sani,” ya ce.

“Na sani.”

“Kika yi shiru.”

“Kana cin abinci, me zai sa in yi magana?”

“Sun mai da ni jariri.”

“Uba suka mai da kai. Ba a koya musu yadda ake cin uba ba ne, sai suka yi ta dukan bango.” Na zauna a bakin gadon. “Amma tsakani da Allah, Malam, tuƙin nan naka ko ni da ƙafa sai in wuce ka. Wa ka ɗauko a motar? Kana taka birki kamar da mai naƙuda a baya.”

“Mota amana ce.”

“Amanar wa? Ba kowa a ciki. Na ga ta Auta ta wuntsila sau biyu ta tashi ko ƙwarzane babu. Shekara da shekaru kana dawo mini gida kana zagin mai tankar man nan da ya matse ka a kan gada, kana cewa da ba don fasinja ba da ka nuna masa kai ma ɗan halak ne. Har na haddace. To ga mota an ba ka, ba fasinja, ba mai ita, ba ɗan sanda. Kai kuma ka tsaya kana ba mutane hannu.”

Sai gadon ya motsa, ya juyo.

“Ba fasinja,” ya ce.

“Ko ɗan kwali.”

Washegari shi da kansa ya aika aka kira yaran. Suka zo suna raɓe-raɓe kamar kajin da ruwa ya daka. Ya sa suka zauna, ya tsaya a kansu.

“Abin da ya wuce ya wuce. Amma daga yau, duk wanda ya sake bar mini, ko ya daki bango da gangan, ban yafe ba. Kun ji? Ban yafe ba.”

Kunnen-Zomo ya zaro ido. “Haba Baba, kada ka yi mana baki.”

“To ka cinye ni ka tsira.”

Ai kuwa ya sha ci. Yaran nan da tsoron baki ya kama su, suka dinga yi masa dukan kawo wuƙa. Safe ci, rana ci. Abin mamaki, ko a jikinsa. Yana zagi, yana dariya, yana cewa a sake. Mai aski ya nuna masa yadda ake shiga kwana ba birki, a bar gindin mota ya zame. Kunnen-Zomo ya nuna masa wata 'yar hanya ta bayan rumfuna da ake yanke tafiya. Maigidan ya ce wannan ai satar hanya ce. Suka ce a nan halal ce. Yatsunsa suka kumbura, kullum sai na shafa masa man zafi, yana cewa in bi a hankali da kayan aiki.

Auta ta hana shi yi da na'ura shi kaɗai in yara sun tafi. Ta ce na'ura ba ta fushi, ba ta tsoro, ba ta ramuwa, wanda ya saba da ita in ya haɗu da mutum sai ya rikice. Don haka mai aski ya riƙa turo mana duk wanda ya samu, mai wanki, mai kai saƙo a babur, har wani malamin makaranta da ya ce leƙowa kawai ya yi, muka rasa yadda za mu kore shi. Kowa da halinsa. Wani in ka bi shi a gindi sai ya ruɗe ya bar hanya. Wani in ka taɓa shi sau ɗaya ya manta da tseren, ya koma farautarka.

Taɓawar ce ta fi ba mu wahala. Hannun maigidan ya ƙi ya kai mota jikin mota. Sai na jawo kujera kusa da shi na zama kwandasta.

“Ga shi nan! Jar motar nan, mai tanka ne! Shi ne wallahi, na gane ƙeyarsa! Matse shi!”

“Ke, bari mana!”

“Ya matse ka a gada, Malam! Har ya leƙo ya yi maka gwalo!”

“Bai yi gwalo ba.”

“Ya yi, mantawa ka yi!”

Sai ji kake ƙaram! Ya banki motar Kunnen-Zomo ta juya kamar faifai. Falo ya kaure da ihu. Shi kuwa me zai yi? Ya taka birki ya tsaya cak, yana jiran yaron ya tashi.

“Ka tsaya yin me?” na ce. “Jiran 'yan sanda su zo su auna?”

“A ga dai ko lafiya.”

Kunnen-Zomo ya tashi ya wuce shi yana dariya har da hawaye. Amma daga ranar hannu ya buɗe. Kafin ranar gasa, mai wanki ya daina zuwa, ya ce shi ba zai iya da rashin imanin Baba ba.

Ranar muka tafi mu duka. Kantin nan akwai wata matakala mai tafiya da kanta, na ce ni ba za ta ɗauke ni ba, ban san inda za ta ba. Na bi ta ƙafa, na iso ina haki. Wurin cike, kiɗa kamar zai fasa kai, talabijin kuwa mai aski bai yi ƙarya ba. Da aka kira Baba Direba ya fito da hularsa da tabarau, sai dariya ta tashi, wayoyi suka yi sama. Na nemi kujera na zauna. Shi ko gezau, ya zauna ya goge ƙahon da bakin riga.

Wadda aka haɗa shi da ita wata siririyar yarinya ce, ta toshe kunnuwa da wasu manyan abubuwa, tana taunar cingam. Ko kallonsa ba ta yi ba, balle gaisuwa. Na ce alhamdu lillahi, irin wadda muke nema ke nan.

Aka saki motoci. Ta yi gaba, ya bi ta. Ta shiga kwana, ya shiga a bayanta ba birki, gindin motarsa ya zame ya dawo daidai. Dariyar wurin ta fara raguwa. Ta yanke ta bayan rumfuna, ta duba, yana nan manne da ita. Na ga ta daina taunar cingam. Kunnen-Zomo ya kama hannun mai aski yana matsawa har yaron yana ƙara. Ni kuwa na manta da jama'a, na miƙe tsaye.

“Matse ta, Malam! Matse 'yar banza!”

Wata mata a gefena ta ce, “Baiwar Allah, 'yata ce fa.”

“To ki yi mata addu'a.”

A kwanar ƙarshe ya sa mata kafaɗa. Motarta ta juya ta daki tayoyin gefen hanya, ya wuce, bai tsaya ba, bai ko waiwaya ba. Wurin ya ɗauki ihu kamar rufin zai faɗo. Sai dai yarinyar nan shaiɗaniya ce. Ban san yadda ta yi ba, ta tashi, ta taho kamar an harbo ta, a bakin layin gamawa ta sha gabansa da abin da bai fi tsawon hanci ba.

Ta ci. Amma ba ta yi murna ba. Ta fizge abin kunnenta ta juyo kansa, ido jawur.

“Kai Baba! Wallahi kai mugu ne! Haka ake yi? Saura kaɗan ka fitar da ni!”

Uwar ta ce, “Ke! Sa'an kakanki ne!”

“Mama, ba ki ga abin da ya yi mini ba ne!”

Na dubi mijina. Bakin nan har kunne, rabon da in ga haƙoransa na ciki tun muna da ƙuruciya.

“Me kika ce, 'yata? Sake faɗa, kunnen ya tsufa.”

“Na ce kai mugu ne! A wane shago kake? Sai na zo na rama bugun nan.”

“Ba shago ba, gida za ki zo. Ki taho da duk wanda kike ji da shi.”

Mai aski ya yi mata kwatance. Mutane suka yanyame shi, wannan ya ce a ɗauke su hoto, wancan ya ce Baba ina ka koya. Da ƙyar ya ɓullo inda nake, hula a karkace.

“Kin ji abin da ta kira ni?”

“Har na ƙasan bene sun ji.”

“Mugu fa ta ce. Kuma da gaske take, kin ga idonta?” Ya gyara hular. “Gobe ki dafa da yawa, ina da baƙi.”

Na ce in baƙin irin wannan yarinyar ne, gara ya fara neman inda zai ɓoye fuskarsa. Bai ma ji ni ba. Ya riga ya cafke Kunnen-Zomo a kafaɗa, yana tambayarsa yadda aka yi ta tashi daga juyin nan da wuri haka, kuma me ya sa ba a taɓa koya masa ba.